Tumbin Aro

Ta bango Altine ke jin rigimar, yatsunta a kan keken rubutu. Mai shirya silima na magana ƙasa-ƙasa, kumandan da ke mulkin garin na daka masa tsawa: "Majalisar gari ta ba ka mota, ta ba ka geron ciyar da 'yan wasa, ba don ka nuna wa duniya haƙarƙarinmu ba! Ramamme ko ɗaya kar in gani."

A kan bencin da ke gabanta wani dogon dattijo na zaune, shi ma yana ji. Ba ta san shi ba. Tafinsa duk kanta ce irin ta mai jan akala, amma babu warin raƙumi a jikinsa. Wataƙila raƙuminsa na ƙarshe ya faɗi a hanyar Aderbissinat. Duk wanda aka ɗauka a wasan yana samun tiyar gero kullum, abin da ya kawo shi ke nan.

Buhun da ya zo da shi don zuba geron yake ninkewa, ya cusa shi ƙarƙashin riga, ya daidaita shi kamar tumbin attajiri. Ya ja rawani ya rufe kumatu har gindin ido. Tsintsiyar hannunsa ce ya rasa yadda zai yi da ita.

Aka kira na gaba. Ya miƙe dafe da bango, ya tsaya bakin ƙofa, ya waiwayo.

"'Yata, dube ni da kyau. Na yi kama da wanda ya ci abinci?"