Dajin da Muka Yi Kiwo

Sai da na yi ritaya daga aikin malamin dabbobi sannan na fara riƙe burushi. A shekarun da nake duba shanu a kasuwar Maigatari na saba da wani mutumin Damagaram mai yi wa manyan motoci zane a bayan bodi. Idan aiki ya lafa nakan tsaya ina kallon hannunsa. Da zaman gida ya ishe ni a Gumel, sai na je na ce ya koya mini.

"Me kake so ka zana, Alhaji?"

Na ce daji. Wanda ke yamma da ƙauyenmu a ƙasar Sule Tankarkar, inda na yi kiwon awaki ina yaro. Yanzu duk ya zama gonaki.

Ya ba ni katako da fentin mai da kananzir na wanke burushi. Ranar farko na shafe katakon nan da kore shar. Ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ai wannan shinkafa ce a fadama. Fara da sama tukuna. Sannan itatuwan nesa, ka sirka musu fari su yi dishi-dishi. Na kusa su ne na ƙarshe."

Duk ranar kasuwa ina wurinsa. A hankali na gane inuwar tsamiya ba baƙa ba ce, da shuɗi a cikinta, rairayin jigawa kuma yana son ɗan ja. Mai ɗakina ta kore ni daga tsakar gida saboda warin kananzir, na tare a zaure.

A zauren yayata ta same ni, lokacin da ta zo Gumel ganin likita saboda ciwon gwiwa. Ta dogara sandarta ta daɗe tana kallon katakon.

"Kai, wannan ba hanyar tafki ba ce?"

Daɗi ya kama ni. Na ce, "Ita ce, Yaya."

"To ina kukar nan mai zuma? Kuma tafkin a dama yake."

"A hagu yake."

Muka yi ta musu har aka kira la'asar. Can muka gano ita daga gidan kakarmu take shiga da tulu, ni kuwa daga garke nake ɓullowa ta ɗaya gefen.

Kwanakin da ta yi a gidan, tabarma take shimfiɗawa kusa da ni. Tana ambaton itatuwa ina ƙarawa: aduwa, kalgo, magaryar da ta taɓa yaga mata zane ta sha faɗa. Kowace bishiya sai ta tuno mana wani da ya rasu, mu yi masa addu'a mu ci gaba.

Da na kai wa malamina zanen ya gani, ya ce ya yi cunkoso, ido ba shi da wurin hutawa. Gaskiya ya faɗa. Amma ya yaba kukar, ni kuma ban goge komai ba.

Yaya ta tafi da zanen a kan babur, ta rungume shi kamar jariri. An ce jikokinta suna tambaya ko a Kudu wurin yake.

Yanzu zanen layin darbejiyar da ke kusa da Gagarawa Tasha nake fama da shi. Da hantsi nake zuwa, kafin rana ta yi zafi. Har yau koren ganyenta bai ba ni haɗin kai ba.