Robar Sarƙa da Rantsuwar Hajiya Tasalla

Wata rana wata 'yar kasuwa a Funtuwa, Hajiya Tasalla, ta je gareji karɓar motarta.

A-kori-kura ce. Da ita take ɗauko tumatir daga fadamun Danja. Manoma tara ne ba sa ba kowa kwandunansu sai ita, don motarta ba ta taɓa barin kayansu a rana ba. Cinta da shanta da mutuncinta a kasuwa, duk a kan tayoyin nan huɗu suke.

Injin da ke ciki ba na asali ba ne. Na asalin ya gaji da kaya. Sai makanikenta, Malam Tanimu, ya samo na wata babbar mota ya dasa mata. Ya yanka nan, ya haɗa can, ya kai kan injin aka goge shi. Sati uku yana abu ɗaya.

Da ta iso ya share hannu da tsumma, suka gaisa.

"Hajiya, saura abu ɗaya. Da aka goge kan injin, sarƙar taimin, mai daidaita bugun injin, ta ɗan yi sako-sako. Sai an sa mata damfa."

Ya miƙo mata abin. 'Yar baƙar roba ce manne da ƙarfe, ko tsawon cokali ba ta kai ba. Ya ce a jikinta sarƙar ke kwanciya in inji na gudu, ita ke hana ta kaɗawa. Ya ce tunda injin dashe ne, sai ya ƙera mata mazauni ya huda da hannunsa. Aikin kwana biyu, kuma ba ya cikin cinikin farko.

To Hajiya Tasalla mace ce da in ta tsaya ciniki, mai kaya kan nemi wurin zama. Ta juya robar gaba da baya.

"Ranar da muka yi ciniki, ina robar take?"

"Sai da na haɗa injin na ga tana so, Hajiya."

"A'a. Sai da ka ga mace dai."

Akwai maza zaune a bencin mai shayi, bakin garejin. Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka taya shi. Ba ta san ita suke wa ko Tanimu ba. Ba ta tsaya tambaya ba.

Ta ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, motar nan ba za ta ƙara shiga garejinka ba. Hannunka kuma ba zai ƙara taɓa ta ba."



Tanimu ya mayar da murfin injin, ya ɗaure, ya ba direbanta Barau makulli.

Sati biyu mota na tashi kamar doki. Kwando arba'in ba ta jin su. Hajiya na cewa a kasuwa, kun gani, da na saurara da an yanke ni da rana tsaka.

A sati na uku Barau ya ta da motar da safe, sai ga ƙara.

Kamar ana zuba tsakuwa a kwanon sha.

In mota ta yi zafi sai ƙarar ta lafa. Kwana biyu, ta daina lafawa.

Suka kai wa wani makanike a hanyar Zariya. Ya buɗe, ya leƙa, ya ce wa ya yi wannan haɗin? Ya gwada robar kasuwa, ramukan ba su dace ba. Ya rufe.

Suka kai wa na biyu. Shi ma haka.

Na uku dattijo ne, bai ma karɓi makulli ba. Ya saurara kawai, ya ce wa Barau ya kashe.

"Hajiya, kar a ƙara ta da ita. In sarƙar nan ta tsallake haƙori ɗaya, kayan ciki za su kara da juna, injin ya zama na 'yan gwangwan. Wanda ya dasa shi, shi ya san inda ya huda. Ki koma masa."

Ta ce ba za ta iya ba.

Ya ce ya mutu ne?

Ta ce yana nan.

Aka turo mota har ƙofar gida, aka sa mata duwatsu a tayoyi.

Nan ta zauna.

Awaki suka mai da ƙarƙashinta inuwa. Hajiya kuwa, duk fitar da za ta yi sai ta raɓa ta gefenta, duk shigowa haka. Ga mota, ga direba, ga mai a tanki, ga tumatir ya nuna jawur a Danja. Ga kuma mai gyara, tafiyar da ba ta kai a sha kunu a gama ba.

Tsakaninta da shi ba kogi, ba dutse. Bakinta ne kawai.

Ta nemi motar haya. Lokacin kaka ne na tumatir, kowace mota da ubangidanta. Wadda ta samu ta iso fadama bayan azahar, kaya sun kwana biyu a kwando, rabi ya zama ruwa.

Waya ta fara kuka. Manomi na farko ya ce, Hajiya ki yi haƙuri, tumatir ba ya jiran zumunci. Ya ba wani. Na biyu ko kira bai yi ba, a kasuwa ta ga kwandunansa a motar wata.

Ta shiga neman ƙofa a jikin rantsuwarta, yadda take neman ɓaraka a buhun da za ta taya.

A kai motar da sunan Barau? Ai cewa ta yi motar nan, ba ta ce mai motar ba.

A kira Tanimu gida? Ai ta haɗa da hannunsa.

Barau ya kawo shawara. Ya ce a ɗauko wani makanike, Tanimu ya zo ya tsaya hannu a baya, yana faɗa ana yi. Ta ce madalla, jeka faɗa masa.

Barau ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ya ce yana gaishe ki. Ya ce ba fushi yake ba. Amma wai sarƙa ba a auna ta da baki, da yatsa ake jin ta. In ta yi tsauri ta cinye robar, in ta saki ta cinye murfi. Ya ce shi ba zai iya ara wa wani yatsansa ba."

Sannan Barau ya ƙara nasa.

"Ni ma Hajiya, ina da iyali. In Juma'a ta wuce muna haka, an yi mini maganar wata mota."

Abincinta ma ranar sai da aka ɗauke shi yadda aka kawo.

Washegari bayan la'asar ta ja mayafi ta nufi zauren Malam Sidi, limamin unguwa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta zayyana masa komai. Ta so ta ce wata ƙawarta ce, sai ta tuna motar na ƙofar gidanta, duk unguwa na gani.

Malam ya ce abin da sauƙi. Wanda ya rantse, sannan ya ga alheri yana wajen warwarewa, sai ya warware ya yi kaffara. Ta ciyar da mabuƙata goma, ko ta tufatar da su.

"Goma, Allah gafarta Malam? Ba ragi?"

Ya yi murmushi. "Nan ba a tayi, Hajiya."

"To na ji ana azumin kwana uku. Shi zan yi, daga ni sai Ubangijina."

"Azumin na wanda ba shi da halin ciyarwa ne. Ke da mota a ƙofar gida?"

"Motar da ba ta tashi, Malam."

"Wa ya hana ta tashi?"

Ta sunkuyar da kai.

Ita ta sani, Malam ma ya sani, ba shinkafar mutum goma ke damunta ba. Shinkafa ana iya aikawa a rufe. Mota ce ba ta shiga gareji a rufe.

Ta koma gida ta auna mudu goma, ta aika gidajen da ta san ana kwana da yunwa.

Da safe aka ɗaura wa a-kori-kurar igiya, wata mota ta ja. Barau ya ce ta zauna a gida, shi zai kai. Ta ce a'a. Da bakinta ta fito da ita, da fuskarta za ta mai da ita.

Ta shiga gaba ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Aka bi da su ta tsakiyar kasuwa, a hankali, abokan sana'arta na kallo daga rumfuna.

A bakin gareji wani daga benci ya ce, "Hajiya, kamar wannan ce motar da aka ce ba za ta…"

"Ita ce. Ni na yi wa bakina kaffara. Kai ka yi wa naka?"

Ya mai da hankali kan shayinsa.

Ta tsaya gaban Tanimu.  Da ƙyar ta ce, "Malam Tanimu, ga ta nan."

Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. A ba ta kujera."



Da ya kwance murfin ya kawo mata ta gani. Sarƙar ta ci cikinsa, ta yi kwari kamar hanyar ruwa a gona. Ya ce da an ƙara tafiya ɗaya zuwa Danja, da motar ba ta dawo da ƙafarta ba.

Kwana biyu ya yi. Ya yanka ƙarfe, ya gwada, ya cire, ya goge, ya sake gwadawa. Ya huda, ya zaunar da robar, ya ɗaure. Da aka ta da inji, sai da Hajiya ta matso kusa kafin ta yarda yana aiki.

Ranar Asabar da sassafe suka isa fadama.

Cikin manoma tara, uku ta tarar suna jiranta. Shida sun riga sun yi alkawari da wasu har ƙarshen kaka, kuma ba ta ga laifinsu ba.

Ta sauko, ta kama kwando ɗaya da hannunta, ta ce wa Barau ya kama ɗaya gefen.

Da ukun ta sake farawa.

Darasi:

Ni ban ce ku daina ciniki ba. Ku taya. Ku ja. Ku juya baya kamar za ku tafi, ni ma haka nake yi kuma ba zan fasa ba. Wanda aka yi tayi da shi yau, gobe ana iya komawa a ce albarka.

Amma kar ku sa sunan Allah a cikin fushin kasuwa. Duk ƙofar da kuka rufe da wallahi, ku duba da kyau, wataƙila ku ne a ciki.

Kuma in mai sana'a ya ce saura abu ɗaya, ku tambaye shi aikin abin kafin ku raina girmansa.

Kowa ya san mutum ɗaya mai saurin ɗaga yatsa sama. Ku tura masa wannan. In kun duba ba ku same shi ba, to ku ajiye wa kanku.