Wankan Jego a Danau Kota

Ciwon gwiwa ne ya kai ni Kuala Lumpur. Na sauka wajen jikata lauya, a wani dogon bene a Danau Kota, inda tsuntsu ke wucewa ta ƙasanmu. Yarinyar nan ba ta karɓar shari'ar masu hannu da shuni. Mutanenta su ne matan da aka wulaƙanta a ɗakin haihuwa, da mazan da ake kora daga haya don ba mata suke nema ba, sai kuma koguna da itatuwa, waɗanda ko godiya ba su iya ba. Leda kuwa haramun ce a gidanta. Ko shinkafa za mu sayo a kedai, wato kanti, da kwanonmu muke tafiya kamar masu zuwa gidan suna.

Ana nan, ana nan, rannan ta shigo da wata ɗaliba 'yar Filato, rungume da ɗanyen jariri. Makarantarsu na neman sallamar ta, iyayenta sun daina ɗaga waya. Lauya ta zauna rubutun ƙara, ni kuwa na dubi yarinyar na ce, "Wa ke miki wanka?" Ta ce ita da kanta.

Nan take gwiwa ta manta da ciwo. Wani tela ɗan Kaduna cikin mutanen jikata, wanda kwallinsa ya fi nawa kyau, shi ya samo min ganyen darbejiya wajen Indiyawa, har da kanwa. Na tafasa ruwa har madubin banɗaki ya makance.

Sai ga lauya a bakin ƙofa. "Kaka, wannan ai ruwan fige kaza ne. Kunun kanwar nan kuma likitoci sun ce yana kumbura zuciya."

"Da shi aka yi jegon uwarki."

"Shi ya sa na fito da rigima. Kin tambayi mai jikin?"

Tun da nake ban taɓa jin an tambayi mai jego ba. Kama ta ake yi, tana ihu ana fyaɗa mata ganye. Amma don a zauna lafiya na juya na ce, "To ke 'yar nan, me kike so?"

Ta dubi jaririnta, ta ce kanwa ba za ta sha ba, ruwan kuma a surka. "Amma ke za ki yi min, Kaka. Mamana ce ya kamata, kuma ba za ta zo ba."

Na surka shi, ya koma ruwan da ko kyankyaso ba zai ji tsoro ba. Na riƙa shafa mata ganyen a baya, tana kuka, ba na zafi ba. Jikata ta durƙusa da bokiti tana tare abin da ya zuba, wai na shukokinta ne, na ce ta matsa ta tare min haske.

Haka muka yi safe da yamma har ta yi arba'in. Makarantar ta janye maganar kora, yarinyar ta koma aji da kumatu. Ranar Lahadi da ɗanta take zuwa, ta miƙo min shi, ta wuce kicin tana buɗe min tukwane.