Ɗan Hamisu Ya Yafe, Ni Ban Yafe Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka soki yayana Hamisu da wuƙa a wani lungu na unguwar Jarwal a Makka, bayan sallar la'asar. Zan faɗi abin daki-daki yadda ya faru, domin yanzu mutane sun fara gyara labarin.

A Makka aka haife mu, kakanmu ne ya zo daga Sakkwato da ƙafa. Ni direban bas ne, ina kwasar alhazai daga Muzdalifa zuwa Mina. Hamisu kuwa shi ne shugaban samarin da ke tura tsofaffin alhazai a keken marasa lafiya. Ba ya shan taba, ba ya zaman gahawa. Abu ɗaya ke zaunar da shi: wani fim mai dogon zango na ƙasar Japan, da fassarar Larabci a ƙasa, a kan wani shugaban 'yan doka na zamanin takobi. Mutumin yakan kama ɓarawo, ya zaunar da shi, ya saurare shi. Idan ya ga yunwa ce ta kai shi, sai ya sake shi, ya mai da shi ɗan aikensa. Idan ya ga mugunta ce, sai takobi. Hamisu yakan buga cinya ya ce, "Sale, ka ga alƙali! Wallahi da ya yi kalmar shahada da na bi shi salla."

Wannan fim ne ya cuce mu. Wata shekara a Mina yaransa suka kama wani mai suna Tanimu yana yanke jakar wuyan wani alhaji. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, idan aka miƙa shi ga 'yan sanda sai jirgi. Kowa ya ce a miƙa shi, ni ne na fi kowa ɗaga murya. Hamisu ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya saurare shi, sannan ya ba shi keke a cikin yaransa. Har gidansa yake cin tuwo. Bayan shekara biyu Hamisu ya sake kama shi da jakar wata tsohuwa da yake turawa, ya ce masa wannan karon hukuma ce za ta raba su. Bai kai ga hukumar ba, Tanimu ya soke shi.

Kotu ta yanke ƙisasi. Amma a nan ba a zartar da shi sai duk magada sun balaga an tambaye su, kuma idan mutum ɗaya ya yafe, takobi ya koma kube. Matar Hamisu ta ƙi yafewa, 'yarsa ta ƙi. Saura ɗansa Nazir, wanda yake ɗan shekara bakwai a lokacin. Ni ƙane ne, ba ni da baki a shari'ar tunda akwai ɗa. Abin da nake da shi jira ne, na kuwa jira.

Bana da Nazir ya girma, masu neman sulhu suka fara sintiri. Dattawan unguwa, da limami, har da wasu da suka ɗauki gawar tare da mu. Maganarsu ɗaya: da Hamisu na raye da ya yafe, ba ga mutumin Japan ɗin da yake ƙauna ba? Na yi ta juya wannan magana a raina. Amsata ita ce ƙarya suke yi masa. Na kalli fim ɗin nan a gefensa, ban taɓa ganin shugaban 'yan dokar ya saki wanda ya kashe mai ciyar da shi ba. Hamisu ma ya yi sassauci sau ɗaya, a na biyu ya zaɓi hukunci, kuma a kan wannan zaɓin aka kashe shi.

Na zaunar da Nazir na jera masa wannan duka. Ya saurare ni har ƙarshe, kansa a sunkuye, sannan ya amsa da Hausarsa mai gaurayen Larabci.

"Ya Baffa, ka ce Baba yana sauraron mutum kafin ya yanke."

"Ya saurara. Ga inda ta kai shi."

"To ni ban saurare shi ba tukuna."

Ya nemi izini ya je kurkuku. Bai gaya mini abin da suka tattauna ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan Hajji ya tsaya gaban alƙali ya yafe don Allah, ya ƙi karɓar diyya. Tanimu zai ƙarasa zaman da hukuma ta ɗora masa, sannan a fitar da shi daga ƙasar.

An cika gidan ana yi wa yaron addu'a, ana cewa ya gaji ubansa. Gaskiya ne, ya gaje shi. Yadda yake karkata kai idan ana magana, da yadda ba a iya juya shi idan ya yanke, duk na Hamisu ne. Wannan halin shi ne abin da ya rage mana na yayana, kuma shi ne ya raba ni da shi. Ban yi wa Nazir faɗa ba, haƙƙinsa ne, har yau ina cin abinci a gidansu.

Amma ɗa ya yafe nasa ne kawai. Kowace Juma'a ina shiga Harami, in fuskanci Ka'aba, in ambaci sunan Tanimu da na ubansa, in roƙi Allah Ya tsayar da shi gaban Hamisu ranar da babu dattawan sulhu. Allah Ya jiƙan yayana. Ni ban yafe ba.