Ƙwaryar da Inna Kande ba ta wankewa

Da zarar an sallame asuba, hayaƙi kan tashi a bayan gidan Inna Kande, tsohuwar nan ta Sabon Birni mai gasa dogon burodi irin na Maraɗi. Kafin hantsi ta fitar da shi daga tanderun laka, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Ba ta talla, ƙamshi ke yi mata.

Ni kwaɗayin mai ciki ya kai ni ƙofarta. Shekarar da aka rufe kan iyaka, Kalilu mai babur da ke kawo mana burodin daga Maraɗi ta hanyar Burkusuma ya daina zuwa, matata Sadiƙa kuwa ta ce ba abin da zai zauna a cikinta sai shi. Na sayo na leda a garin Isa, ta shinshina ta ture. Ta yi ta ramewa, ni na rasa inda zan sa kaina. Inna Kande ta miƙo mini guda biyu da ɗuminsu, ta ce, "Kai mata, kuma ka ce ta taho in koya mata. Mi za ni ɓoye ma ɗiyata?"

Ba Sadiƙa kaɗai ta koya wa ba. Mata sun zo daga Kamarawa, daga Bafarawa, kowacce Inna ta nuna mata fulawa, gishiri, ruwa, da yadda ake murza ƙullu har ya yi laushin fatar kunne. Amma ko ɗaya ba ta dace ba. Na Sadiƙa in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Wasu suka fara cewa tsohuwa na da asirin da ta riƙe. Maganar ta kai kunnenta, ta yi kuka, don ita ma abin ya ɗaure mata kai. Ga tsufa ya soma cin ƙarfinta, ga shi babu wadda za ta gaje ta. Ni kaina, Allah ya yafe mana, ban san wa zan gaskata ba.

Rannan ta dogara sanda ta zo gidanmu ta ga yadda Sadiƙa ke yi. Sadiƙa ta ɗauko ƙwarya tas, sai sheƙi take. Inna ta leƙa ciki, ta dube mu.

"Wa yaw wanke ƙwaryag ga?"

"Ni, Inna. Ai kullum sai na wanke."

"Subhanallahi! To da mi ƙullun zai tashi?"

Ashe kullum takan rage ɗan ƙullun jiya a gindin ƙwarya, shi ke tayar da na yau. Da shi ta zo daga gidansu a Maraɗi tun tana amarya. Ba ta taɓa faɗa ba domin a ganinta kowa ya sani, matan nan kuma wa zai koya musu kwaɓa abinci a ƙwaryar da ba a wanke ba? Muka yi ta kallon juna, an rasa mai laifi.

Inna Kande, ke ce uwar masu kwaɗayi. Ke ce kika ciyar da matata lokacin da hanya ta toshe, aka zarge ki da rowa, ba ki rufe ƙofa ba.

Makon jiya ta ajiye aiki. Ta tara matan, ta gutsura wa kowacce ƙullun nan a tafin hannu, har bai rage ba. Mun gode, Inna, Allah ya saka da alheri. Mai sana'a a hannu ya yi koyi da ita, ya bayar tun yana iya miƙawa.

Da matan suka watse, ta ce wa Sadiƙa, "Ɗebo min ruwa." Ta zauna ta wanke ƙwaryar da kanta.