Bakin Aminina Ya Raba Ni Da Askata

Aminina ne ya binne ni da raina. Shi ya fara faɗa a garinmu, can wajen Tajaye, cewa sida, wato ƙanjamau, gare ni, kuma aka yarda da shi saboda tare muka yi ciranin Legas.

Ni wanzami ne, gado na yi. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, aska na sani. Bayan wata damina sai jikina ya fara saki. Ina ci ina ramewa, ciki na murɗawa, ido ya yi fari fat, tafin hannu kamar ba jini. In na tsuguna aski na miƙe sai jiri ya kwashe ni. Aminin nawa kuwa yana bakin masallaci yana cewa ya san inda na riƙa kwana a Legas. Ba wanda ya tare ni da maganar. Sai dai in ji ana suna a gidajen da tun ubana muke yi musu aski, an ɗauko wanzami daga wani gari. Tsohon da nake wa aski tun ina saurayi, in ya hango ni da zabira sai ya danna hula ya shige zaure. Ƴan uwana suka ware mini kwano.

Abin takaici, ni ma na yarda. Na ƙi zuwa likita don kada a tabbatar mini. Na zauna ina jiƙa saiwoyi ina jiran mutuwa, har ƙafafuna suka kumbura. Ranar da na faɗi a gona, matata ta sa aka ɗora ni a amalanken jaki sai asibitin Illela. Aka auna jini, ba sida. Aka auna bayan gida, sai ga ƙwan tsutsa, irin mai maƙalewa a hanji tana shan jini. Likitan ya tambaya ko ba takalmi nake noma, na ce haka na tashi. Ya ce ta fatar ƙafa take shiga, daga ƙasar da aka yi kashi a kai. Gonata kuwa a bakin gari take, nan kowa ke zagayawa. Ya ba ni ƙwayar kashe ta da ta ƙarin jini, ya ce a ba mutanen gida ma, in riƙa sa takalmi, in haƙa masai.

Jiki ya dawo, gidajen askina ba su dawo ba. Duk wanda ya ga yana ramewa, don Allah ya je a auna shi tun yana iya tafiya da ƙafarsa. Tsoro ya kusa kashe ni kan ciwon da ƴan ƙwayoyi suka isar masa.

Ran kasuwa aminin nawa ya zo yana washe baki, wai barka da arziki, ya cire hula wai in yi masa aski a wuce wurin. Na dube shi na ce: "Malam, mai da hularka. Kada ka kawo wuyanka ƙarƙashin askar nan, yau ni kaina ban yarda da hannuna ba."