Alwyn Zadow, Mai Zubin Tagwaye na Karoonda

Haihuwa da Asali

An haifi Alwyn Zadow a shekarar 1931 a garin Karoonda da ke jihar Kudancin Ostareliya. Mahaifinsa, Berthold Zadow, manomin alkama ne mai kiwon tumaki, mahaifiyarsa kuwa, Hulda, 'yar gidan Kleinig ce, kuma dukkansu jikokin Jamusawan nan ne da suka sare dajin yankin suka mai da shi gona. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Tun yana ƙarami aka fahimci ba zai gaji noma ba, domin in an aike shi duba shinge, a ƙarƙashin tarakta ake samo shi.

Karatu da Koyon Sana'a

Ya halarci makarantar garin har zuwa 1945, ya bar ta ba tare da wata takardar kirki ba, malaman ma ba a ji sun yi kewarsa ba. A shekarar 1946 aka kai shi Adelaide, wata masana'antar zubin ƙarfe mai yin haƙoran garma, inda ya koyi yadda ake sassaƙa siffar abu da katako, a danna ta cikin yashi, a zare ta, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. A 1954 ya dawo gida ya buɗe garejin gyaran motoci da taraktoci, kuma da wannan gareji ya ciyar da iyalinsa har ya tsufa.

Aure da Iyali

A watan Afrilu na 1957 ya auri Glenys Tregenza, 'yar wani mai gidan burodi a Murray Bridge, mace marar yawan magana. Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Ƙera Jirgi

Ya sami lasisin tuƙin ƙaramin jirgin sama a 1963, ya shiga sahun mutanen nan masu haɗa jiragensu a rumfar bayan gida. A 1974 shi da amininsa Clarrie Dohnt, kafinta, suka ƙulla niyyar ƙera jirgi mai kujera ɗaya: Clarrie zai yi gangar jiki da katako da yadi, Alwyn zai yi inji mai silinda huɗu, kuma Alwyn ɗin ne zai fara tashi da shi. Wannan shi ne burin da ya riƙe tsawon rayuwarsa, wato ya ga kansa a sama bisa injin da ya zuba da hannunsa. Fistin da sauran ƙarafan ciki saye ya yi, amma gidan injin da kawunan silinda shi ya zuba su, da alminiyam ɗin tsofaffin fistin na manyan motoci, waɗanda yake narkawa a cikin rabin duro da wutar baƙin mai.

Yana da ƙa'idoji biyu a wannan aiki. Narkakken alminiyam yana shan iska idan akwai laima, kuma in ya huce sai iskar ta bar ƙananan ramuka a ciki, waɗanda ba a gani daga waje. Tarakta mai irin wannan ƙarfe a gona take tsayawa, mai ita ya tako gida. Jirgi ba shi da wurin tsayawa. Saboda haka ƙa'idarsa ta farko ita ce ba ya zubi a watannin ruwa. Ta biyu kuma, kowane abu biyu yake zubawa daga tukunya ɗaya, ya raba ɗaya da zarto, ya goge fuskar yankan ya duba. In ya ga rami, duka biyun guduma ce rabonsu. Da wannan aka yi masa laƙabi da Mai Tagwaye, kuma da wannan aikin ya ja shekaru.

An ruwaito cewa Clarrie yakan ce masa, "Kai dai, Zadow, da matarka ta haifi tagwaye, da sai mun ɓoye ɗaya."

Shi kuma ya ce, "Ji da mannen katakonka, tsoho. Ƙarfe ba na yara ba ne."

Shekarar 1992

A farkon wannan shekara likitan ido a Adelaide ya shaida masa cewa ganinsa yana dushewa daga tsakiya, babu magani, kuma kafin ƙarshen shekara ba za a ƙara barinsa ya tuƙa ko mota ba, balle jirgi. A lokacin gangar jirgin ta kammala, injin ma saura kan silinda ɗaya. Sai dai ruwa ya sauka da wuri, ya ƙi ɗaukewa. A watan Yuli, bayan ya jira ya gaji, Alwyn ya karya ƙa'idarsa ta farko, ya hura wuta ana yayyafi, ya zuba tagwayensa.

Ya raba ɗaya, ya goge, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, amma idonsa bai ba shi komai ba sai hazo. Ya miƙa wa Clarrie. Clarrie ya juya shi, ya duba, ya ce, "Sumul yake, abokina. Ɗaura ɗayan mu tafi fili."

Alwyn ya ce, "Ka cika sona, ban yarda da kai ba. Kira mini Glenys."

Ta zo da gari a hannu, ta goge a zani, ta saka tabarau. Ta san abin da likita ya faɗa, ta kuma san cewa in ba wannan zubin ba, babu wani kafin lokaci ya ƙure. Waɗanda suka ji daga bakin Clarrie sun ce ta daɗe tana kallon ƙarfen.

"Maigida, akwai."

"Manya ko ƙanana?"

"Kamar cikin burodin da bai tashi sosai ba. Sun taru a gefe ɗaya."

Clarrie ya ce, "Haba Glenys, ɗan wannan? Matuƙa nawa ke yawo a sama da inji mai irinsa?"

Ta ce, "Su matansu ba a tambaye su ba."

Alwyn ya karɓi ƙarfen daga hannunta. Ya lallubo guduma ya farfasa duka biyun, ya zuba su cikin tarin da za a sake narkawa, sannan ya shiga gida ya sha shayi. Ruwa bai ɗauke ba sai wajen ƙarshen shekara, lasisinsa kuwa an karɓe shi a watan Nuwamba.

Shekarun Ƙarshe

A watan Fabrairu na 1993, ana tsakiyar zafi, aka sake zubin. Babbar 'yarsa Raelene, wadda ke tuƙa jirgin feshin gonaki, ita ta riƙe tukunya, shi yana zaune yana faɗa mata abin da za ta yi. Glenys ta duba yankan ta ce babu komai. A watan Oktoba na wannan shekara, bayan jami'an kula da jirage sun gama bincikensu, Raelene ta tashi da jirgin daga wata gonar alkama a gabashin garin. Alwyn yana tsaye jikin shinge, ba ya ganin jirgin, yana bin ƙararsa da kunne. Da ta sauka ta tambaye shi, "Baba, yaya ka ji?" sai ya ce mai ya yi wa injin yawa, a rage.

Ya sayar da garejin a 1995. Clarrie ya rasu a 1999, Glenys kuma a 2004. Ba a taɓa jin ya yi mata ƙorafi a kan maganar da ta faɗa ba, ba a kuma ji ya gode mata a gaban mutane ba.

Rasuwa

Alwyn Zadow ya rasu a watan Mayu na 2008 a gidansa da ke Karoonda, yana da shekara saba'in da bakwai, bayan gajeriyar jinya. An yi masa addu'a a cocin kakanninsa, aka binne shi a maƙabartar garin kusa da matarsa. Ya bar 'ya'ya uku: Raelene, matuƙiyar jirgi, Darryl, manomi a Lameroo, da Noeline, ma'aikaciyar jinya a Adelaide, da jikoki bakwai. Jirgin yana hannun Raelene, yana tashi har yau, injinsa bai taɓa mutuwa a sama ba. Wanda ya zuba injin bai taɓa hawansa ba.